Filin da Muka Saya da Rani

Har yau idan hadari ya haɗo daga gabas sai in ajiye alli in leƙa waje. 'Yan ajina sun san wannan hali nawa, har suna tsokanata, wai Malama ai ke ba gishiri ba ce da za ki narke. Nakan yi dariya in koma kan allo, amma hankalina ba ya kwanciya sai ruwan ya ɗauke.

Mun daɗe muna haya a Samaru, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu, mace babba da ƙaninta. Ni ina koyarwa a firamare, shi kuma yana da shagon kayan lantarki a Sabon Gari. Gidan irin na da ne, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, da mangwaro da kowa ke shanya a ƙarƙashinsa. Da tsohon mai gidan ya rasu, 'ya'yansa suka buɗe ido suka ga abin da kowa a layin ya riga ya gani: a Samaru ɗalibin jami'a ya fi magidanci daraja. Ɗalibi katifa ce da jaka, ba shi da yaran da za su ɓalla famfo, kuma su huɗu sai su cusa kansu a ɗakin da ni nake ƙorafin ya yi mana kaɗan. Bayan Kirsimeti babban ɗan ya zo ya gaishe mu da ladabi, ya ce za a yi gyara, mu nemi wuri kafin damina. Ba mu gama kwashe kaya ba aka sare mangwaron.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ce wa maigida ni na gama haya, ko bukka ce mu kafa tamu. Haka muka faɗa hannun dillali, wani dogon mutum mai waya biyu, wanda ya ce babu fulotin da bai sani ba daga Zabi har Shika. A watan Maris ya kai mu bayan gari ta hanyar Shika, inda gonaki suka fara zama unguwa. Ƙasa a bushe ƙamas, fili a shimfiɗe, iska mai daɗi. A bayan fulotin akwai wani ɗan rami da ya miƙe kamar kwata, ɗana ma tsallake shi ya yi yana dariya.

Na tambayi dillali, "Wannan fa?"

Ya ce, "Haba Malama, hanyan shanu ne. Kwana biyu ya cike."

Na daɗe da sanin dillalai sun fi zirga-zirga da rani. Ni a zatona don hanya ta fi kyau ne.

Muka gina falo da ɗaki biyu, namu a gaba, na yara a baya. Yashin ma bai ba mu wahala ba, don masu tifa a cikin wannan ramin suke haƙa, can ƙasa da mu kaɗan, maigida har yana murna ya samu a kusa. Na dasa gwaiba tsakanin katanga da ramin. Ranar da muka tare matan cocinmu suka zo suka yi addu'a, muka ci tuwo a kan tabarma don kujeru ba su iso ba, ni kuwa sai shafa bango nake yi ina jin daɗi.

Daminar farko ta nuna mana shanun da ke bin hanyar. Ruwan duk unguwar da ke sama da mu ta nan yake gangarowa, ja wur, da leda da kara da takalman mutane. Da ya janye sai na ga ramin da ɗana ya tsallake ya kai ƙugun babban mutum. Maigida ya ce kada in tayar da hankalina, za a yi lambatu. Muka je wurin mai unguwa, aka yi taro, kowa ya yarda lambatu ya zama dole, kowa ya koma gidansa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, kasuwar filin ita ke ciyar da ramin. Duk gonar da aka yanka fuloti, ƙasar da ke shan ruwa ta tafi ke nan. Sabon mai gida zai rufa kwano, ya daɓe tsakar gidansa da siminti, ya huda katanga ya sako ruwansa waje, ya rage ga na ƙasa da shi. Masu tifa kuma suna ci gaba da kwasar yashi daga gindin ramin don a buga bulon waɗannan gidajen. A shekara ta biyu an daina ce masa rami, kwazazzabo ake cewa. Gwaibata ta fara 'ya'ya a shekarar, ta kuma karkata. Wata safiya na fito na tarar da ita a kwance can ƙasa, saiwoyinta a sama.

Daga nan tsoro ya shige ni bai fita ba. Katangar baya ta bi gwaiba a shekara ta uku. Sai tsaga ta fito a bangon ɗakin yara, siririya, daga taga zuwa ƙasa. Kullum da safe kafin in ɗora ruwan koko sai na je na sa yatsa a ciki. Da farko farce kawai ke shiga, daga baya yatsan ya shige. Na kafa doka: da zarar an fara yayyafi, kowa ya fito falo. Amma ni ina makaranta har bayan azahar, wani lokaci ana riƙe mu taro, su kuma suna riga ni dawowa. Ɗana kuwa ba shi da abin da ya fi so kamar barcin rana a kan gadonsa, ruwa na dukan kwano.

Na ce wa maigida mu sayar mu gudu. Ya kira dillalin nan, ya zo, ya zagaya baya, ya leƙa kwazazzabon, ko gezau bai yi ba.

Ya ce, "Ba yanzu ake sayar da irin wannan ba. Ku bari rani ya yi. A zuba jan ƙasa tifa kaɗan, a shafe tsagan nan da siminti, a yi fenti. Ni zan kawo mai saye."

Na ce, "Kamar yadda ka kawo mu?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malama, kowa da rani yake saye."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na faɗa masa maganganun da ba su dace da malamar makaranta ba, har maigida ya riƙe mini hannu. Mutumin ya hau babur ɗinsa ya tafi. Na ɗauka mun rabu ke nan.

Ashe bai yi fushi ba. Cikin watan Yuli, wata Lahadi bayan mun taso daga coci, sai ga shi da wani mutum a mota, mai ƙiba, mai fara'a, ya ce ɗan kasuwa ne a Sabon Gari kuma yana da gidajen ɗalibai a Samaru. Samarun ta cika, ya ce, yanzu yara har nan suke neman ɗaki. Na yi niyyar kada in ɓoye masa komai, don ba zan iya durƙusawa a coci da wannan a wuyana ba. Na kai shi ɗakin yara na sa yatsa a tsagar a gabansa. Na kai shi baya na nuna masa inda katanga take a da. Na ce masa ya dubi ƙasan bangon, yadda ruwa ya fara rarake shi.

Ya duba sosai, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Madam, na gode da gaskiyanki. Amma ai ba ni zan kwana a ciki ba."

Ya ci gaba da bayani kamar mai lissafa kayan miya. Zai raba falon biyu, ya ƙara ɗakuna a jikin bangon baya, ya sa tankin ruwa. 'Yan mata zai ba wa, don sun fi tsabta kuma ba sa rigima. Ɗalibi, in ji shi, ƙofa yake dubawa da wuta da ruwa, bai taɓa ganin wanda ya zagaya bayan gida ba.

Ba zan yi ƙarya ba, ina so in karɓa. Ga hanyar fitar da 'ya'yana daga ɗakin nan ta zo har gida, kuma ban yaudari kowa ba. Maigida ya ce masa a ba mu lokaci mu yi shawara. Kwanakin da suka biyo baya ba mu yi wata shawara ba, sai dai mu kalli juna mu kawar da kai. Idan na tuna 'yan matan da ban sani ba sai in ce a'a, idan na ga ɗana yana hamma yana nufar gadonsa sai in ce gobe zan ce a kira mutumin.

Ranar da abin ya faru muna taron malamai. Na ga gabas ta yi baƙi ta taga, na kasa jin abin da hedimasta ke faɗa. Kafin in nemi izini ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na fita a haka, ba laima. Da ƙyar na samu mai keke, shi ma inda kwalta ta ƙare ya tsaya ya ce ba zai shiga ba. Na tattare zanena na shiga ruwan, takalmi ɗaya ya tafi, ban waiwaya ba. Ina tafe ina cewa Yesu, Yesu, ban iya haɗa wata addu'a da ta wuce haka ba.

Da na shawo kwanar layinmu sai na hango mutane tsaye a ƙofar gidana cikin ruwa. Duk wanda ya taɓa hango taro a ƙofar gidansa ya san abin da hakan ke nufi. Na tsaya cak. Wani ya juyo ya gan ni, ya ɗaga hannu yana nuna gidan maƙwabciyata, wata Hajiya da mijinta ya rasu, tana riƙon jikokinta. Ban gane nufinsa ba sai da ita ta fito zaure tana ƙwala mini kira.

"Maman yara! Suna nan! Suna wurina, ki zo!"

Na same su zaune a kan tabarmarta, ta lulluɓe su da zane ɗaya. 'Yata ce ta ba ni labari, haƙoranta na haɗuwa. Ƙaninta ya saci jiki ya je ya kwanta. Ita tana falo ta ji bangon yana ƙara kamar ana karya kara, ta shiga ta jawo shi ta ƙafa yana kuka yana zaginta. Ba su kai ƙofar waje ba suka ji rugugin. Na rungume su na yi kuka har Hajiya ta ce ya isa haka, kada in firgita su.

Da ruwa ya tsagaita maigida ya iso, muka shiga tare. Bangon baya babu shi. Daga ƙofar ɗakin kana ganin kwazazzabon kai tsaye, ruwa na gudu a ƙasa. Gadon ɗana ƙafafunsa biyu na kan daɓe, biyu na lilo a iska, gidan sauron yana nan a ɗaure. Muna tsaye a wurin wayar maigida ta yi ƙara. Mai sayen ne, labari ya riga ya kai masa ta bakin dillali. Ya yi mana jaje, ya ce har yanzu yana so, bango ai abin tayarwa ne.

Na karɓe wayar na ce, "Ranka ya daɗe, ba na sayarwa ba ne." Na kashe. Na jira maigida ya yi faɗa, don guminsa ne ya fi yawa a gidan. Shi kuwa gadon kawai yake kallo. Washegari shi da kansa ya kawo kafinta aka cire kwanon da ƙofofi da tagogi, don kada wani ya taɓa samun inda zai shimfiɗa katifa a wurin. Muka koma haya, ɗaki biyu a Sabon Gari, ni da na rantse na gama.

Da rani ya yi Hajiya ta sayar wa ɗan kasuwan nan da nata. Ban ga laifinta ba, kuma ba zan gani ba. Ita ma jikoki gare ta, kuma kwazazzabon ya kusa bangonta.

Bana cikin watan Maris na je duba kangonmu. Gidan Hajiya ya sha fenti ruwan ɗorawa, an ƙara ɗakuna ta baya, an zuba jar ƙasa an baje ta sumul har bakin ramin. An ɗaura igiyar shanya a wurin. Wata yarinya na shanya kaya, ba za ta girmi 'yata da yawa ba. Na gaishe ta, na tambaye ta wane ne ɗakinta. Ta nuna na ƙarshe. Na ce ta zo in nuna mata wani abu, na kai ta kangonmu, na nuna mata inda gadon ya tsaya, na faɗa mata komai.

Ta saurare ni da ladabi, ta leƙa ƙasa, ta ce, "Kai, Momi, Allah ya kiyaye. Amma mun riga mun biya na shekara."

Na ce to idan an fara ruwa ta riƙa fitowa gaba, kada ta kwanta. Ta ce to, ta koma kan shanyarta. Ban tambayi sunanta ba. 'Ya'yana yanzu a tsakiyar gari suke kwana, bango lafiya lau, amma duk ranar da gabas ta yi baƙi ɗakin nan na ƙarshe nake gani, ina tambayar kaina ko ta tuna ta fito.