Ruwan da Maiwada Bai Bayar Ba

Malam Maiwada ya daɗe a kwamitin rijiyar da lambunan dabino huɗu suke sha a wani lungu na Al-Awali, a gefen Madina, kuma a duk tsawon zamansa babu mahaluƙin da zai rantse ya taɓa jin ra'ayinsa. Shi ne na farkon zuwa taro. Shi ke shimfiɗa darduma a rumfar injin, shi ke kawo butar gahawa da farantin dabino. In famfo ya lalace da tsakar rana, shi za ka gani tsaye a kan mai gyara yana riƙe masa lema. Amma da an fara gardama sai ya sunkuya yana leƙen ƙoƙon gahawarsa kamar an ɓoye masa wani abu a ciki.

Daga Gaya ya zo Madina yana saurayi, ya shiga jami'ar Musulunci. Nahawu bai ba shi wahala ba, fiƙihu ne ya so ya kayar da shi, domin duk sanda malami ya tambaye shi wace magana ce ta fi ƙarfi tsakanin ta limamai biyu, sai ya ce ai dukansu sun girme shi. A lokacin hutu yakan yi aiki a lambun wani tsoho ɗan Madina, har ya koyi hawan dabino da barbararsa da dasa shi. Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka koma Jidda suka bar masa wakilcin lambun, da kujerar kwamiti a kai. Ya auri Hassana, suka zauna a unguwar Ƙuba, suka aurar da 'ya'ya, ya yi furfura ba tare da ya ɓata da kowa ba.

Shugaban kwamitin shi ne Ustaz Ashafa, Bahaushen Sudan daga Gadarif, wanda ya koyar da Larabci har ya yi ritaya. Yana wakiltar lambun surukansa, wanda ya fi sauran girma nesa ba kusa ba. Shi ne ya yi ta sintiri a ofisoshi har aka sabunta izinin rijiyar, kuma ba ya barin kowa ya manta. Tare suka zauna ɗaki ɗaya da Maiwada a jami'a, shi ne kuma ya karɓar masa auren Hassana. Sai Dakta Amatullah, 'yar Zariya mai harhaɗa magunguna, wadda take riƙe wa 'ya'yanta lambun mahaifinsu tun da ya rasu. Ita ce ta tilasta ake gwada ruwan kowace shekara, kuma tana iya faɗa wa mutum ya yi kuskure da muryar da take gaya wa majinyaci ya sha magani bayan abinci. Na huɗun Sufyan ne, injiniya, haifaffen Ƙuba, wanda kakansa ya zo daga Katsina a ƙafa. Shi ya haɗa wa famfon wata na'ura da ke buɗe bututun kowane lambu daga wayarsa. Yana jin Hausa, amma da Larabci yake amsawa, kuma Hausar tasa irin ta gidan kaka ce: zo, ci, tashi, kawo ruwa.

A bazarar da ake magana, rijiyar ta ja baya. Injin yakan yi aiki na ɗan lokaci sai ya fara zuƙar iska yana tari, dole a kashe shi a jira ruwa ya taru. Abin da ake samu ba ya isar lambu huɗu yadda aka saba. Aka zauna bayan La'asar. Ustaz Ashafa ya ce a raba gwargwadon girman lambu, ya kawo hujjoji har da na tarihi. Dakta Amatullah ta ce ƙofa huɗu ce, a raba huɗu daidai, domin ranar da ake gyaran famfo ba a tambayar girman lambun kowa. Suka yi ta yi har gahawa ta huce. Daga ƙarshe Ustaz ya juya ya ce, "To, Malam Maiwada, kai me ka gani?"

Maiwada ya leƙa ƙoƙonsa. "Ni dai ba ruwana," in ji shi. "Ku raba tsakaninku, duk yadda kuka yi daidai ne."

Dattawan biyu sun saba da wannan amsa, ko kallonsa ba su yi ba. Aka tashi ba a cimma komai ba. Sufyan ne kaɗai ya tsaya yana kallon tsohon da ido cike da ƙwalla. Shi dai a Hausa ya san kalmar ba, ya san ruwa, ya san raba. Ya haɗa su a ransa ya ga dattijo ya ce ba shi da ruwa a rijiyar nan, a raba rabonsa. Ya bi Maiwada har bakin motarsa, ya sumbaci goshinsa, ya yi masa doguwar addu'a da Larabci, ya tambaye shi ko da gaske ya yarda da zuciya ɗaya. Maiwada ya ɗauka maganar gahawa ake yi, ya ce ai ba komai, kullum ma a shirye yake.

Washegari bututunsa bai ko yi tari ba.

Lambun da yake kula da shi shi ne mafi ƙanƙanta, kuma rabinsa dashe ne. Shekara biyu da suka wuce ya cire 'ya'yan dabinon ajwa daga gindin tsofaffin bishiyoyin da ya hau tun yana ɗalibi, ya jera su a bayan lambun, ya naɗe kowanne da buhu saboda rana. Babbar bishiya tana iya haƙuri da ƙishi, saiwarta ta yi nisa. Dashe ba ya iyawa, balle a watan da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu tun hantsi. Maiwada ya duba ramukan gindinsu ya ga ƙasa ta fara tsagewa. Ya ɗauka famfo ne ya sake lalacewa, sai ya jiyo ruwa yana gudu a bayan katanga, cikin lambun Ustaz, da wata irin murya ta ƙoshi.

A masallacin unguwa ya gane abin da ya faru. Liman ya riƙe hannunsa da hannu biyu bayan Azahar ya ƙi saki. Ma'aikatan lambuna, 'yan Bangaladash da 'yan Pakistan, suka yi layi suna gaishe shi. Ashe Sufyan ne ya rufe bututun daga wayarsa, ya kuma rubuta labarin a zauren wayar unguwa: dattijo ya sadaukar da ruwansa don a zauna lafiya. Wani ya ce a irin wannan gari, ba a mamakin irin wannan hali. Maiwada ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga idanun mutane, ya ce amin.

Ustaz Ashafa, wanda ya san ma'anar ba ruwana tun kafin a haifi uban Sufyan, ya wuce ta gabansa ya ce, "Allah ya karɓa, ɗan'uwa," bai tsaya ba. Dakta Amatullah ta kira shi a waya ta tambaye shi sau biyu ko maganar da Sufyan ya faɗa haka take. Maiwada ya ce to, ai yaron bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da ya ji. Ta ce to madalla. Rabon da aka yi uku ya ishi kowa, gardama ta mutu, rumfar injin ta yi tsit.

Maiwada kuwa ya shiga jigilar jarkoki. Yakan cika su a gidansa na Ƙuba, ya loda a bayan tsohuwar motarsa, ya shiga lambu ta ƙofar baya don kada a gan shi, ya bi dashen ɗaya bayan ɗaya yana tsiyaya musu kamar mai rabon zamzam. Ƙasar takan shanye kafin ya miƙe. Bayansa ya riƙe. Cikin 'yan kwanaki bakin ganyen ya fara ja, na layin ƙarshe kusa da katanga suka fara sunkuyar da kai. Kullum yakan ce gobe zai yi wa Sufyan magana, kullum kuma sai wani ya tare shi a hanya ya roƙi addu'arsa. Mai shagon burodi ma ya daina barinsa ya bi layi.

Hassana ta zuba masa ido har ranar da ta buɗe famfon kicin ya yi mata huci, tankin gida ya ƙare. Ta same shi a tsakar gida yana ɗaure bakin jarka.

"Malam, waliyyin Al-Awali, yau da me za a yi tuwo?"

Ya ce ta yi haƙuri, ta san dai abin kunya ne mutum ya yi kyauta ya dawo ya ce a ba shi.

"Ka yi kyautar?"

Ya ce bai yi ba.

"To ko ka yi, naka ne? Mutanen Jidda suka ba ka amanar lambu, ba su ba ka amanar suna ba. In sun zo suka tarar da itace a cikin buhu, sai ka kai su wajen liman ya ba su labarinka."

Maiwada ya ajiye jarkar. Ya tafi lambu, ya tsaya a kan dashen farko na layin ƙarshe, ya kama tohon tsakiya ya ɗan ja, yadda tsohon maigidansa ya koya masa. In da rai toho yakan riƙe. Wannan ya biyo hannunsa salin alin, gindinsa ya yi baƙi. Ya tsaya da shi a hannu, rana tana dukan ƙeyarsa. A nan ya ciro waya, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya hau kujerar: ya kira taro.

Sun zo dukansu bayan La'asar, kuma kowa ya lura babu gahawa. Maiwada ya ajiye mataccen tohon a tsakiyar darduma. Ya dubi Sufyan, ya yi masa bayani da Larabcinsa na jami'a, mai wasali cikakke, cewa in Bahaushe ya ce ba ruwansa, ba maganar ruwa yake yi ba, yana nufin ba ya so a sa shi a rigima. Ya ce bai ba da ko cokali ɗaya ba, kuma ko yana so ba shi da ikon bayarwa. Ya ce laifinsa ne da ya yi shiru, domin yabon ya yi masa daɗi.

Sufyan ya dafe kai. Ya ce to in mutum ba shi da ruwa na gaske fa, me zai ce? Dakta Amatullah ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Da ta juyo ta ce ita ma da nata laifin, domin ta yi zargi ta bar shi, ta nemi Baba Maiwada ya yafe mata.

Ustaz Ashafa bai yi dariya ba. Ya ce to, ruwa zai koma wa Maiwada, babu mai ja. Amma an dawo inda aka tsaya ke nan: gwargwadon girma ko huɗu daidai? Shi yana nan a kan bakansa, Dakta ma haka. Sufyan ya yi sauri ya ce shi bayan abin da ya jawo, duk inda Baba Maiwada ya sa ƙafa nan zai sa. Sai ido ya koma kan Maiwada, injin yana ta zuƙar iska.

Maiwada ya san lissafin ba sai an yi masa ba. In aka bi girma, abin da zai samu ba zai kai layin tsakiya ba. In aka raba daidai, bishiyoyin Ustaz na can ƙurya ba za su mutu ba, amma dabinonsu na bana zai ƙanƙance, kuma Ustaz ne zai tsaya gaban surukansa ya yi bayani. Ya nemi ƙoƙon da zai leƙa, babu. Ustaz yana kallonsa da idon nan da ya san shi da shi tun suna cin wake a kwano ɗaya.

"Ustaz," in ji shi, "ka yi mini komai a garin nan. Amma maganar Dakta ita ce daidai. A raba huɗu."

Ustaz Ashafa ya dube shi. Sannan ya ce, "Ashe kana da baki." Ya ce wa Sufyan ya saita na'urarsa yadda kwamiti ya yanke, a fara da lambun Maiwada tunda shi ya fi jin jiki. Ya sa takalmansa, ya yi sallama ga jama'a gaba ɗaya ba tare da ya ware kowa ba, ya fita.

Kafin Magariba ruwa ya iso. Maiwada ya bi shi da fartanya yana buɗe masa hanya daga rami zuwa rami, ƙasa tana ƙara tana kumfa. Da ya kai layin ƙarshe ya bi dashen yana jan toho a hankali. Na kusa da katanga duk sun tafi. Na gabansu ɗaya ya biyo hannunsa, na kusa da shi ya riƙe, na gaba ma ya riƙe. Ya durƙusa ya gyara wa wannan buhunsa.

Ta ƙofar lambu ya hango motar Ustaz ta fito. Kullum in ya zo daidai nan yakan rage gudu ya danna ƙaho sau ɗaya. Yau ya rage gudun, bai danna ba, ya wuce. Maiwada ya bi motar da kallo har ta sha kwana, sannan ya koma kan ruwan, domin ya fara ɓallewa ta gefen wani rami, kuma lokacin da aka ware wa lambunsa bai da yawa.