Velichka Garova, Matar da Ƙyandar Jamus Ta Ƙi

Haihuwa da Asali

An haifi Velichka Garova ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1947 a ƙauyen Lesnovets, a gindin duwatsun Rodopi na ƙasar Bulgeriya. Mahaifinta, Stoimen, manomin taba ne mai ƙarancin magana. Mahaifiyarta kuwa, Dafina, ita ta ɗauke masa wannan nauyi har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙuruciya da Karatu

A wancan zamani babu allurar rigakafin ƙyandar Jamus, cutar da ba ta wuce zazzaɓi da ƙurajen kwana uku ga yara, amma idan ta kama mai sabon ciki takan zubar da shi, ko ta bar jaririn kurma ko makaho. Kasancewar wanda ya yi ta sau ɗaya ya rabu da ita, ungozomar ƙauyen, Petrana, ta kafa doka cewa kowace yarinya sai ta yi ta kafin aure. Da zarar wani yaro ya feso da ƙuraje, sai iyaye mata su kwaso 'ya'yansu mata da farantin banitsa, wato gasasshiyar wainar fulawa mai cuku, na gaisuwa, a jera su a bakin gadon majinyacin, a ba su kindirmo da cokali ɗaya.

Daga 1953 zuwa 1962 an kai Velichka gidaje goma sha ɗaya. Sa'o'inta duk suka yi ƙurajensu suka huta, ita kuwa sai ta ci banitsa ta ƙoshi, ta dawo gida garau. An ruwaito cewa bayan gida na tara Dafina ta tsayar da ita a gaban taga, ta duba ta ciki da baya, ta ce: "Ke wace irin 'ya ce? 'Yar maƙwabta da ko ƙirga ba ta iya ba, zuwan farko ta kamu!" Velichka ta kammala makaranta a 1962 da kyakkyawan sakamako, wanda babu wanda ya bi ta kansa.

Aiki da Aure

A 1963 ta fara aikin jera ganyen taba a gonar haɗin gwiwa. Iyayen samari suka yi ta ja da baya, kai ka ce wani abin kunya ta aikata, har zuwa 1968 da Blagoy, direban tarakta, ya aure ta, yana mai cewa shi mata yake nema, ba ƙuraje ba. Ta yi ɓari a 1969, ta sake yi a 1971, dukansu a wata na biyar. A nan babu abin dariya. Ta yi baƙin ciki mai tsanani, har ta shekara biyu ba ta iya halartar baftismar ɗan kowa ba.

Ciki na Uku

A watan Mayu na 1974, tana da cikin wata biyu, cutar ta sake ɓarkewa a ƙauyen. Dafina, wadda ta shekara tara tana farautar masu ƙuraje, ta koma korar su daga ƙofar gida da tsintsiya. Blagoy ya ɗora matarsa a tarakta ya kai ta bukkar makiyaya a kan dutse, inda ta yi mako uku ba ta ganin kowa sai tumaki. Shi kansa, don gudun kada ya kwaso mata cutar, daga bayan shinge yake miƙa mata burodi a bakin sanda.

"Blagoy, ni matarka ce ko kyarkeci?" in ji ta.

"Ke dai karɓi, hannuna ya gaji. Kuma juya can in za ki yi numfashi."

Sabuwar likitar gunduma, Dakta Ganeva, ita ta kawo ƙarshen wannan zama, yayin da ta ɗibi jininta sau biyu, mako biyu tsakani, ta aika birnin Plovdiv don gwaji. Sakamakon ya tabbatar da cewa Velichka tana da tsohuwar garkuwa: ta yi cutar tun tana ƙarama ba tare da ƙurji ko ɗaya ba, kamar yadda yakan faru ga yara da dama. Ɓarin kuwa, bakin mahaifarta ne ke buɗewa kafin lokaci, sai aka ɗinke shi.

Da labari ya isa ga Dafina sai ta ce: "Wato kin yi abinki a ɓoye, kika bar ni ina ta gashin banitsa kamar mahaukaciya?" Gidajen nan goma sha ɗaya kowanne ya yi iƙirarin shi ya ba ta, har biyu daga ciki suka daina gaisawa.

Ta haifi 'ya mace ranar 20 ga Disamba. Tsohuwa Petrana, wadda ba ta yarda da takardar Plovdiv ba, ta buga murfin tukunya a kusa da kunnen jaririyar, don ta ga ko tana ji. Jaririya ta zabura ta tsala ihu, Velichka ta fashe da kukan murna. Ta sake haihuwa a 1977.

Rasuwa

Ta yi ritaya a 2002, mijinta ya rasu a 2015. Ta rasu ranar 4 ga Nuwamba, 2021, tana da shekara saba'in da huɗu, aka binne ta kusa da shi a maƙabartar cocin ƙauyen. Ta bar jikoki biyar da 'ya'ya biyu: Nevena, malamar kiɗa a Plovdiv, da Radoslav, direban babbar mota. Wannan ƙidayar masu tarihi ce. Ita dai, duk wanda ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, huɗu take cewa.