Baƙar Ledar da Ke Jikin Kwalba

Wata rana wata ɗalibar digiri na biyu, Ramlatu, ta zuba ido a madubin ƙara girman abu na ɗakin gwaje-gwaje tana duba mafitsarar ɓerayenta.

Lafiya ƙalau. Ko ɗigon cuta babu.

Ga kowa wannan albishir ne, amma ban da ita. Bincikenta a kan ciwon dajin mafitsara ne. Wata biyar cur tana zuba wa ɓeraye wani sinadari a ruwan sha domin ciwon ya kama su, sannan ta gwada magani a kansu. In babu ciwo babu gwaji, in babu gwaji babu kammala karatu bana.

Shi sinadarin nan ba ya shiri da haske, lalacewa yake. Shi ya sa duk Litinin in ta haɗa ruwan sai ta naɗe kwalaben da baƙar leda, ta yi gaba abinta.

Ramlatu akwai ƙwaƙwalwa, wannan ba musu. Amma fa akwai jin kai! Baba Tanimu mai kula da ɗakin dabbobi, shekararsa ashirin a wurin, gaisuwa ma a tafe take jefa masa.

Ran nan Alhamis ce, ba ranar zuwanta ba. Ta faɗa ɗakin ɓerayen a fusace.

Me za ta gani? Kwalabe tsirara, rana ta taga tana dukan su. Ledojin kuwa an ninke su tsaf a gefe.

"Baba, wa ya ce ka cire?"

"Wa ya ce kar in cire, 'yata? In an rufe, ta ina zan ga ruwa ya ƙare? Ni ba na barin dabba da ƙishirwa. Na ga kina son ledarki, shi ya sa nake mayar miki duk Litinin da safe."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tuna wani abu. Ko sau ɗaya ba ta taɓa gaya masa amfanin ledar ba.

Malaminta ya ce a sake daga farko. 'Yan ajinsu suka sa rigar yaye, ita tana wanke keji. Ta yi kuka, wallahi, ba kaɗan ba.

Ranar da sababbin ɓeraye suka iso, ta ja benci ta zauna kusa da Baba, ta yi masa bayani dalla-dalla. Minti biyar bai cika ba.

Ya jinjina kai ya ce, "Ayya, 'yata. Da kin faɗa tun farko, ai har tagar zan rufe miki."

Darasi: Wanda aikinka ke bi ta hannunsa, kar ka bar shi a duhu. Gaya masa dalili. Minti biyar da ka ƙi zama da shi na iya cinye maka shekara guda.

Tura wa wannan abokin naka da ke ganin bayani ga na ƙasa da shi zubar da aji ne.