Muntaka da Karen da Ya Hana Ɗan Kafili

Da an sallame asuba Muntaka ke barin unguwar Hindawiyya, ya nufi gonar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, a bayan Jidda, inda karnukan tsere sha huɗu, irin saluki, ke jiran sa. Ya duba tafin ƙafar kowanne, ya ba su nama, ya fita da su gudu tun rana ba ta buɗe ba. Shekara ashirin da shida ke nan. Watan nan gwiwa ta ce ya isa haka, ya ajiye aikin.

Ni dai ba na son kare. Ina cikin masu tsokanar sa da ya wanke hannu da ƙasa kafin mu gaisa. Amma ni ke kai naman, don haka a gabana aka yi.

Shekara bakwai baya, Thamer ɗan kafilin ya zo ɗaukar wani kare mai wata takwas, wanda uwarsa ta ci tsere sau uku. So yake 'yarsa Lama, mai shekara huɗu, ta samu abokin wasa a gidansu na unguwar Safa. A ganinsa jinin masu cin kofi ya fi dacewa da ita. A makon kuwa iƙamar Muntaka, takardar izinin zamansa a ƙasar, ke ƙarewa, kuma Thamer ke sabunta ta.

Thamer ya ce, "Yalla ya ammi, maza baba, sa shi a mota."

Muntaka ya ce, "A'a, Abu Lama. Wannan tun kakanninsa zaɓen su ake don su bi abin da ke gudu su damƙe. Yaro kuwa ba ya rabuwa da gudu."

Thamer ya yi dariya. Muntaka ya ɗauko 'yartsanar Lama daga kujerar mota, ya ɗaura mata igiya, ya fizga. Kafin in ƙifta ido karen ya raba kanta da jikinta. Har kaɗa wutsiya yake, shi a wurinsa aiki ya yi.

"Halas, shi ke nan," in ji Thamer. Ya ja mota, ba kare ba sallama. Iƙama ta kwanta wata biyar, ya ƙi sabunta ta. Muntaka ya yi ta bin lungu don gudun masu duba takardu, amma ko sau ɗaya bai je ba da haƙuri ba.

Kai ne mai cewa a'a alhali takardarka na hannun wani, Muntaka. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma masu tallar karnuka a waya, da kuke ce wa kowane mai saye "yana son yara", ku zo ku zauna da dattijon nan ku koyi hanawa.

Lama ta shiga sha ɗaya bana, fuskarta ba tabo ko ɗaya. Ko sunansa ba ta sani ba.