Baƙin Akwatin Da Na Haɗa A Dala

Zafin bazara ne ya kashe mini laftof. Aikina rubuta manhaja, daga ɗakina a unguwar Dala ta Maiduguri nake yi wa wani kamfani na kudu aiki, kuma duk sanda na ɗora mata abu mai nauyi sai fankarta ta kama kuka kamar injin markaɗe, can ta ɗauke ɗif. Na ɗora ta kan bulo, na ɗora ta kan tiren shayi, duk a banza. Ranar da ta ƙi tashi gaba ɗaya na rantse zan haɗa kwamfutar tebur da hannuna, kowane ɓangare da zaɓina.

A wani gari wannan ba abin labari ba ne. A Maiduguri kuwa, saurayin da ke tara wayoyi da batir a ɗaki yana kulle ƙofa, kowa ya san sunan da ake kiransa da shi. Cikin waɗanda aka tafi da su amsa tambayoyi wasu sun dawo, wasu har yau kayansu na rataye a ƙusa. A cikin wannan na girma, amma a lokacin babu komai a kaina sai lissafin wuta da zafi.

Wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, da sola nake aiki, saboda haka na zaɓi firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, mara haɗamar wuta, wadda batir biyu za su riƙe. Katin hoto irin na masu wasan kwamfuta na ce a kai kasuwa, rubutu nake yi. Abin da na ƙi sassautawa shi ne ram, wato wurin da na'ura ke baza aikin da ke hannunta, sai faifan ajiya mai sauri da manyan fankoki. Mai shagon da nake zuwa a wajen Fos Ofis, wani dattijo mai yawan tsokana, ya yi ta tura mini akwati mai gilashi a gefe, da fitilu ja da kore suna yawo a ciki. Na ce masa ba gidan biki zan buɗe ba. Na ɗauki baƙi na ƙarfe, rufaffe ruf, mai raga a gaba. Ya dube ni ya ce shi dai da shi ne, wanda ake ganin cikinsa zai ɗauka. Na zaci ciniki yake nema.

Kayan ba su zo tare ba. Wani daga Kano, wani daga Legas, sai in je tasha in karɓo kwali, in shigo da shi gida a keke. Ni da mahaifiyata kaɗai ne a gidan tun rasuwar Baba. Iya mace ce mai tsabtar da ta wuce misali: da safe ta yayyafa ruwa ta share kowane ɗaki, bayan la'asar ta zaga da kaskon turaren wuta, ba ta tsallake ko ɗakin ajiya. Tun ina goye ake yin haka a gidanmu. Ni kuma na san abin da danshi da hayaƙi ke yi wa allon lantarki. Wata la'asar ta doso ƙofata da kasko, na tare ta a bakin ƙofa na ce daga yau ban da ɗakina, kuma kada ta taɓa komai a ciki. Ta tsaya hayaƙi na tashi tsakaninmu, ta leƙa ta bayan kafaɗata, ta ga wayoyi a kan gado. Washegari na sayo kwaɗo na sa.

Daga nan gidan ya canja, a hankali, yadda ba ka iya nuna ranar da abin ya soma. Iya ta daina tambayata me ke cikin kwali. Ta ɗauke tabarmarta daga inuwar bangona ta mayar can gindin dogon yaro, inda rana ke dukanta kafin azahar. Wata safiya na fito na tarar ta janye tukunyar gas daga madafa, wadda ke manne da ɗakina, ta kai ta can ƙarshen gida. Na tambaya ta ce wurin ya fi iska. In na yi waya da mutanen kamfani da Turanci, sai in ji tafiyarta ta tsaya a tsakar gida. A masallaci gaisuwa ta gajarce, waɗanda ke jan "wushe, wushe" har ka gaji suka koma ɗaga hannu daga nesa. Abin ya dame ni, ya kuma ba ni haushi, na ce a raina hassada ce ta mutanen unguwa.

Ranar da na ɗaure notin ƙarshe, da hantsi, ban ko kunna ba aka yi sallama. Bulama ne, mai unguwarmu, abokin Baba, da mutum biyu cikin masu tsaron unguwa a bayansa. Na leƙa titi na ga babu kowa, har mai kanti ya ja ƙofarsa.

Bulama ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya ce an ce ina da wani akwati, yana so ya gani. Suka tsaya a tsakar gida, ba wanda ya taka ɗakin. Aka ce in fito da tebur bakin ƙofa, in kwance murfin da hannuna. Na buɗe, na soma bayani, wannan firosesa, wannan ram, ina ganin bayanin ba ya shiga ko'ina. Abin da suke gani wayoyi ne baƙaƙe a ɗaure, da wata igiya mai kauri da ta tafi wajen batir.

"Tada," in ji Bulama, haka yake kirana tun ina yaro, "in kwamfuta ce, kunna ta mu gani."

Duk wanda ya taɓa haɗa na'ura ya san ba dole ne ta tashi a karon farko ba. Waya ɗaya ta yi sako-sako, shi ke nan. Na yi bisimilla na danna. Fankoki suka juya, wata 'yar fitila ja ta kama a jikin allon da ke cikin akwatin, fuskar kwamfutar kuwa baƙi ƙirin. Na san sabon allo kan ɗauki lokaci yana gwada ram, amma wa zan gaya wa? Mutanen biyu suka ja baya, ɗaya ya sa hannu a aljihu ya fito da waya. Na tabbata in ya buga ta, ba a gidan zan ci abincin rana ba. Na'urar ta yi ƙara, ƙit, guda ɗaya, na ji Iya ta ja salati daga gindin bishiya. Sannan rubutu ya bayyana, da hoton fanka yana juyawa.

Bulama ya matso ya daɗe yana kallo. Ya sa na buga sunansa ya gani a rubuce. Ya ce to, Allah ya sa albarka, amma a cire kwaɗon nan yau, kuma murfin ya zauna a buɗe zuwa wani lokaci. Suka fita.

Tsoro na sauka, fushi ya hau. Na tsaya a tsakar gida ina faɗa, ina lissafa maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, na ce duk munafukin da ya kai ni, ni da shi har abada, ko gawarsa ba zan bi ba. Iya na zaune tana tsince shinkafar Zabarmari a faifai. Ta bari na gama.

"Ni ce," ta ce. "Ni na je wurinsa. Na ce ya zo da kansa, kafin wani ya kira waɗanda ba su san ubanka ba."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Iya, ni? Me ya hana ki tambaye ni?"

"Da na tambaye ka, me za ka ce?"

"Aiki nake yi."

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kaɗa. "Duk haka suka ce wa iyayensu, ɗana."

Na yi shekaru ina jin ciwon abin, har yau kuma ban sami amsar da zan ba ta ba.