Akwatin Baturiya da Ƙirjin Baba

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ranar da na yi wa mahaifina tafinta a kasuwar Gadarif ba. Kalma ɗaya ce ta Turanci na juya ta baibai, kuma da a ce na juya ta daidai, Allah kaɗai ya san ko da mun sake cin wata sallar tare da shi.

A shekarun nan ne gwamnati ta mayar da karatu kusan duka Larabci, Turancin da ya rage mana a makarantar 'yan mata bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi zauna mini shi ne darasin sassan jiki. Malama ta taɓa kai mu amsa, ta taɓa hanci mu amsa, ta dafa ƙirji mu ce “chest” da ƙarfi har a ji mu a titi. Amma da wannan ɗan abin ni ce gwana a unguwarmu. Duk gwangwanin da ya shigo da rubutun Turanci ni ake kawo wa, ni kuwa sai in gyara murya in karanta abin da na gane, sauran in cika da nawa. Kaina ya kumbura ƙwarai a lokacin.

Baba kafinta ne, yana da rumfa a layin kafintoci. Gadajen igiya yake yi da akwatunan katako, irin waɗanda leburori ke saye in sun dawo daga yankan riɗi a Simsim. Tun farkon damina tari ya kama shi. Har aka shiga kaka bai sake shi ba, sai ramewa yake, jallabiyarsa ta koma kamar ta aro. Wata rana Inna tana wanki ta ga jini a hankicinsa, ta kira ni bayan ɗaki ta nuna mini. Ta yi magiya, ta yi kuka, ta haɗa shi da limamin unguwa, duk a banza. Da an ambaci asibiti sai ya ce, “Ƙurar katako ce, kalas. A bar maganar.” Baba kuwa in ya ce kalas, to an rufe babin. Ni dai tsoro ya cika ni, don ina ganin mutum yana ƙarewa a gabanmu, ba mai ikon cewa uffan.

Ranar da abin ya faru na kai masa abincin rana, ina tsugune ina buɗe kwano, sai ga wata Baturiya ta tsaya bakin rumfar, ta yafa mayafi a karkace yadda baƙi ke yi don gudun 'yan sanda. An san ta a kasuwa, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin 'yan agaji da ke bayan gari, inda ake duba 'yan gudun hijira. Direbanta, wanda ke mata tafinta, ya tafi sallar azahar. Ta gaishe mu da guntun Larabcinta, daga nan ta zarce da Turanci kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Maƙwabtan Baba suka taso, wani ya ce masa, “Ai ga bittinka nan, 'yarka ai ita ce mai Ingilizi.” Baba ya dube ni. Ina zan ce ban iya ba a gaban mutane?

Na kasa kunne iya ƙarfina. Cikin duk abin da ta zuba, kalma biyu na kama, kuma ta yi ta maimaita su: “medicine” da “chest”. Ta farko magani, wannan na sani. Ta biyu ƙirji, wannan ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa. Ga shi tana nuna Baba da yatsa, tana ware hannuwa daidai faɗin kafaɗunsa, sannan ta nuna hanyar asibitinsu. Ana cikin haka tarin ya turnuƙe shi har ya dafa teburin aiki. Ni a wurina magana ta fito fili.

Na ce, “Baba, cewa take akwai maganin ƙirji a wurinsu. Ka je gobe ta ba ka.”

Baba ya ajiye zarto a hankali, ya ce, “Wa ya gaya mata?”

“Wallahi ba wanda ya gaya mata.”

Ya daɗe yana kallon matar, ita kuma tana ta murmushi tana jiran amsa. Sai na ji ya yi ƙasa da murya ya ce, “Hakima ce, aikin asibiti take, ta gani da idonta. Ce mata kwayyis, na yarda, gobe in sha Allah.” Na juya na ce mata gobe, da Turancina da kuma hannu. Ta tafi tana murna, mu ma muka koma gida Inna na ta hamdala, kowa da abin da yake wa murna.

Washegari muka je tare. Muka tarar da Baturiyar da wani ma'aikacinsu Basudane mai jin Turanci sosai. Da ganin Baba sai ta kai mu wani lungu ta nuna bango, ta miƙo masa igiyar awo. Baba kuwa ya riga ya fara ɓalle maɓallin wuyan jallabiya. Ma'aikacin ya dube shi, ya dube ta, suka yi 'yar magana, sai dariya ta kufce masa har yana riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, “Ya Hajj, sanduƙi take so! Akwatin ajiye magunguna, mai kwaɗo, a kafa a nan.” Ya juyo gare ni ya ce a Turanci kalmar nan baki biyu gare ta: ƙirjin mutum “chest”, babban akwati mai murfi shi ma “chest”. In aka sa magani a gabanta, akwatin magani ake nufi, ba maganin ƙirji ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar na gane haka a jikina. Amma kunyar ba ta daɗe ba, wani abin da ya fi ta ya taso, don na ga fuskar Baba ta washe. Ya mayar da maɓallinsa, ya gyara hula, ya ce, “To alhamdu lillahi, ashe ba abin da ta gani. Ba na ce muku ƙura ce ba? Bari in auna bangon mu tafi.”

Tun da aka haife ni ban taɓa musa wa Baba magana ba. Ban san lokacin da na je na durƙusa a bakin ƙofa na tare hanya ba. Na ce, “Baba, ita ba ta gani ba, amma ni na gani, Inna ma ta gani. Jiya da bakinka ka amsa a gaban mutane. Don Allah kada ka fita daga ɗakin nan ba a duba ka ba.” Ina faɗa ina kuka, ina jiran tsawa.

Tsawar ba ta zo ba. Ya tsaya da igiyar awo a hannu, can ya nemi benci ya zauna. Ya ce, “Ya bitti, yayana da irin wannan tarin ya shiga asibiti da ƙafarsa, a kafaɗa muka fito da shi. Tsoro nake ji.” Ban taɓa zaton Baba ya san wani abu wai shi tsoro ba. Ma'aikacin nan ya daina dariya, ya fassara wa Baturiyar. Sai ta ɗauko abin sauraron ƙirji ta ja kujera kusa da shi. Ma'aikacin ya ce, “Ya Hajj, tunda an zo an zo.” Baba ya yi ɗan murmushin yaƙe ya ce, “Haka ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.” Ya cire jallabiyar da kansa. Da na ga haƙarƙarinsa a jere sai na kau da kai.

Aka gwada majinarsa, aka ce tarin fuka ne, amma ba a makara ba. Watanni ya yi yana shan ƙwayoyi da allurai, yana mita Inna na tsaye a kansa da kofin ruwa. Mu ma duk aka duba mu. Kafin wata daminar ta zagayo kumatunsa sun ciko, muryarsa ta dawo har ya koma yi wa masu sayar da katako faɗa. Akwatin kuwa ya yi shi da katako mafi kyau a rumfarsa, ya kai ya kafa da hannunsa. Daga baya in abokansa suka tambaye shi wane likita ya warkar da shi, sai ya nuna ni ya ce, “Jahilcin wannan.” Ya rayu har ya yi wa 'ya'yana gadajen igiya.

Ni na ci gaba da neman Turancin har na zama malamar Turanci, kuma ban ƙara fassara abin da ban gane ba. Amma babban darasin ba na harshe ba ne. Mun yi wata da watanni muna cewa Baba taurin kai gare shi, alhali tsoro ne yake ɗauke da shi shi kaɗai, ba wanda ya tambaye shi. Tun daga ranar, in na ga nawa yana ƙin magani, ba na tsayawa jiran wani baƙo ya zo ya yi kuskuren da zai cece shi. Zama nake kusa da shi in ce, gaya mini, me kake tsoro?