Sunan da Madam Rakiya Ba Ta Iya Faɗi

A duk shekarun da na yi a bibliyotek ɗin nan, ɗakin karatun jami'a, ban taɓa mantawa da ranar da Madam Rakiya ta shigo ofishina riƙe da takarda, idonta jajir ba. Ku sababbin ma'aikata da kuke cewa Malam Lawali ya cika bin ƙwaƙƙwafi, ku saurara ku ji inda na samo halin.

Lokacin zafi ne, ƙarshen shekarar karatu, ƴan mastar, masu neman digiri na biyu, na rububin ajiye memuwar ɗinsu, wato littafin bincike. Ga wanda bai san tsarin ba: ɗalibi zai rubuta littafin bincikensa, malamin da ke duba shi ya sa hannu, sannan a ba shi ranar sutunansi, wato ranar da zai tsaya gaban malamai ya kare aikin. Kafin sa hannu ana zuba aikin cikin na'urar da ke gano ko an kwashi rubutun wani ba a ambace shi ba. In ta kama ka, ranarka ta tashi, wani lokaci ma shekarar gaba ɗaya.

Madam Rakiya ba yarinya ba ce. Ƴar Tawa ce, ta daɗe tana koyar da ƴan firamare, sai da ta ga jikoki sannan ta dawo karatu. Kullum daga unguwar Banifandu take tsallako gada zuwa nan Harobanda, inda jami'a take, kuma sau da yawa ita ke riga ni isowa ƙofa. Bincikenta a kan koyar da yara karatu da harshen uwa ne. To ita ce na'ura ta kama.

Ba ta ko zauna ba Farfesan da ke duba aikinta ya kira ni a waya.

"Malam Lawali, na turo maka ita. Akwai wata maƙala da ta kwasa ba ta ambaci mai ita ba. Ka koya mata lojisiyel ɗin nan ta gyara kafin a rufe karɓar takardu. In ba haka ba, ni ban sa hannu."

Lojisiyel ɗin da yake nufi, wato manhajar nan, kun san shi. Kamar rumbu ne: duk littafi ko maƙalar da ka karanta ka zuba ciki. In kana rubutu ka zo inda ka ɗauko maganar wani, ka danna, shi zai saka sunan marubucin da shekara, a ƙarshe ya jera maka su duka.

Na ce ta ba ni aikin in duba. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Matar nan ta ambaci kowa daidai, har wata tsohuwar malama da ta yi hira da ita a tsakar gida. Maƙala ɗaya tak ce ba ta da suna. Duk inda maganarta ta zo sai ta rubuta "wani mai bincike ya nuna", ko "kamar yadda aka faɗa". Na daɗe ina ganin ɓarayin rubutu, ɓoye sawu suke yi. Wannan kuwa nuna wa mutane take yi cewa maganar ba tata ba ce, sunan kawai ta ƙi kawowa. Raina ya ce sai na ji dalili.

Na buɗe maƙalar a odinatar, wato kwamfuta, na karanta sunan da ƙarfi: "Habibu Salifu."

Sai ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Madam, kin san shi ne?"

"Na san shi."

"Kun yi faɗa ke nan."

Duk da halin da take ciki sai da ta yi dariya. "Faɗan me, Malam? Ni na haife shi. Shi ne na fari."

Ikon Allah! Nan take komai ya faɗo mini. Ni ma a Damagaram, har Allah ya karɓi ran mahaifiyarmu ba mu taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba, "wancan" take ce masa. Sai kuma na sake duba sunan na ga abin ya fi haka. Habibu ɗan fari, Salifu mai gidanta. Sunaye biyu da ba ta faɗi, ga su sun haɗu a layi ɗaya.

"Ni ba sata na yi ba," ta ce. "A shekaruna a ce mini ɓarauniya? Wallahi abin ya yi mini ciwo."

"To ai rubutawa za ki yi, ba faɗi ba. Ko yatsan ma kunya yake ji?"

"Kai dai bari. Sau nawa ina ɗora hannu in janye. Sai in ga kamar na hau kan katanga ina tallar ɗana."

Na tambaye ta me ya hana ta gaya wa Farfesa. Ta ce in ta gaya masa zai tambaye ta wa take nufi, to da wane baki za ta amsa?

Can sai dabara ta zo mini. Kowace maƙala irin wannan tana da lambarta, kamar lambar mota. In ka saka lambar, lojisiyel ne zai je ya ɗauko suna da shekara da komai. Na ce, "Madam, ke lamba kawai za ki buga. Na'ura ba ta da ɗan fari, bari ita ta yi rashin kunyar."

Ta gyara tabarau, ta buga lambar a hankali, ta danna. Layi ya fito: Salifu, H. Na ɗauka shi ke nan, har na fara murna. Sai na ga ta ƙura wa allon ido.

"Ina sauran?"

Na yi mata bayani cewa haka ƙa'idar take, ana rubuta suna na ƙarshe cikakke, na farko a bar masa harafi ɗaya.

"A'a," ta ce. "Uban da bai rubuta komai ba ya cinye layi, shi da ya sha wahalar a ba shi harafi ɗaya? Ranar sunansa rago aka yanka, kuma ba H liman ya raɗa masa ba."

Na ɗauki ƙafa na je wurin Farfesa na kwashe komai na faɗa masa. Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce kunya ba ta ɗauke wa kowa ƙa'ida, dole duk inda ta ɗauko maganar yaron ta nuna. Amma akwai tsarin da ke fitar da sunaye cikakku, kuma sashen ya yarda da shi, muddin kowane marubuci aka yi masa haka. Na dawo na sauya tsarin, dannawa ɗaya duk sunayen suka cika. Muka bi shafi shafi muna gyara, ita tana nuna wuri da yatsa tana cewa "nan ma shi ne". Farfesa ya sa hannu.

Ranar sutunansi wata malama daga cikin alƙalan ta tambaye ta wane ne wannan marubucin da ta jingina da shi haka. Madam Rakiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Yana shafin ƙarshe, madam, an rubuta shi cikakke." Farfesa ya raɗa wa malamar magana a kunne, ta yi murmushi ta wuce zuwa wata tambaya. Madam Rakiya ta ci, kuma da yabo.

Bayan an kwana biyu wani magidanci ya zo ya nemi kwafin memuwar ɗin Madam Rakiya da aka ajiye wurinmu. Da ya faɗi sunansa na gane shi. Ya buɗe shafin ƙarshe ya daɗe a tsaye. Ya ce bai ma san tana karanta rubutunsa ba, ko sau ɗaya ba ta taɓa yi masa zancen ba. Sannan, da yake shi ma ɗan sana'a ne, ya tambaye ni me ya sa sunayen suka fito cikakku, ba kamar yadda aka saba ba.

Na gaya masa abin da ta ce game da rago da liman.

Ya zauna kan kujerar nan da ke bakin taga, ya ɗora yatsa kan layin. Ya ce, "Malam, tun da aka haife ni 'kai' take ce mini." Ni kaina hawaye ne suka cika mini ido.

Shi ya sa nake ce muku, in na'ura ta nuna muku suna ya ɓace, aikinta ke nan ta yi, naku kuma ku ja kujera ku tambayi mutum dalili. Da na tsaya kan abin da ta nuna, da na taya an kira Madam Rakiya ɓarauniya a kan ɗan da ta haifa.